Yadda ake haɗa zangon ƙarshen mako na masu ƙananan tirelolin kwana a Amurka

Idan Bahaushe ya ji an ce tirela, babbar motar kaya ce ke zuwa masa a rai. Wadda ake magana a nan daban ce: ɗan ɗaki ne a kan taya biyu, da katifa a ciki, wani lokaci da ɗan kicin, ana ɗaura shi a bayan ƙaramar mota a ja. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, masu siffar ɗigon ruwa, da yawa faɗinsu ƙafa 4 ko 5 ne, tsawo ƙafa 8, kicin ɗin a baya yake, sai an ɗaga murfi a tsaya a waje a yi girki. Akwai kuma masu siffar ƙwai irin su Scamp da ake ƙerawa a Backus ta jihar Minnesota, da Casita ta garin Rice a Texas, da Boler da aka fara yi a Winnipeg ta Kanada a 1968. Masu irin waɗannan sun daɗe da al'adar haɗuwa su yada zango tare. Ƙungiyar Tin Can Tourists tun 1919 aka kafa ta a Tampa ta Florida.

Abin da ke gyara irin wannan taro ko ya ɓata shi, yawancinsa kafin ranar ake gama shi: fili, nauyi, wuta. Shirin nishaɗi kuwa, gara ya yi kaɗan da ya yi yawa.

Madugu da fili

Tafiyar ayari ba ta yiwuwa sai da madugu. Mutum ɗaya ne zai riƙe jerin sunaye, ya yi magana da ofishin wurin, kuma shi za a kira idan wani ya ɓata hanya da dare. A ba shi mataimaka biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na tarbar masu isowa. A taron farko kada a wuce tirela 12 zuwa 15. Fiye da haka sai ka ga an rabu gungu-gungu, madugu kuma ya koma ɗan sandan hanya.

Ranar za a fara tsayarwa, domin a Amurka fili ƙarewa yake yi. Tsakanin Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu da Litinin ɗin farko ta Satumba, wato lokacin hutun bazararsu, wuraren zango masu kyau cike suke. Makonni biyu ko uku bayan an shiga Satumba sun fi daɗi a jihohin arewa: sauro ya ragu, zafi ya sauka, wuri ya samu. Filayen gwamnatin tarayya ta shafin Recreation.gov ake kama su, yawanci wata shida kafin ranar, filayen ƙungiya kuma sau da yawa ana buɗe su tun da sauran shekara guda. Jihohi kowace da nata tsarin: Michigan da Kalifoniya wata shida, New York wata tara. Ranar da aka buɗe, a ranar za a kama.

Hanya biyu ce. Ko a kama filin ƙungiya guda, madugu ya biya ya raba kuɗin, ko kowa ya kama nasa gurbin a layi ɗaya ya turo wa madugu lambarsa. Ta biyun ta fi sauƙi ga sabon madugu, don wanda ya fasa zuwa shi da ofis ne, ba ruwan kowa. Idan ta farko aka zaɓa, a karɓi kuɗi gaba ɗaya tun farko, a rubuta ranar da bayanta ba a mayar da kuɗi. Alkawarin baki ba ya biyan kuɗin fili.

Kafin a biya, a buga wa ofishin waya a yi waɗannan tambayoyi. Shin filin ƙungiyar yana karɓar tirela, ko na masu tanti ne kawai? Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, kuma filayen ƙungiya da yawa motoci a wajen ajiya ake barinsu a taka da ƙafa. Mota nawa aka yarda a gurbi ɗaya? Akwai wuta, kuma amfiya nawa ce? Ina famfo, ina banɗaki, nisansu nawa? Masu ƙananan tireloli mafi yawansu ba su da banɗaki a ciki, saboda haka gurbin da ke kusa da banɗaki a bar wa dattawa da masu yara. Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da dare? Akwai rumfa mai rufi da za a iya kamawa? A kama ta ko da hasashen yanayi ya ce rana za a yi.

Nauyi: abin da kowa zai duba a gida

Mako uku kafin tafiya madugu ya aika wa kowa saƙo guda, mai ɗauke da taswira, lambar gurbi, lokacin shiga da fita, da abin da za a duba a jikin tirela. A ce wa kowa ya sauke taswirar a wayarsa, domin wurare da dama ba sabis.

Lamba uku ake nema. Ta farko, iyakar nauyin da motarka za ta iya ja, tana cikin littafin motar. Ta biyu, iyakar nauyin tirelar da kayanta, tana kan takardar da aka liƙa a gefen hagu ta gaba. Ta uku, nauyin da motar kanta za ta iya ɗauka, tana jikin ƙofar direba. Duk da laba ake rubuta su, laba ɗaya kuma kusan giram 454 ce.

Ga inda mutane ke ruɗin kansu. A ce motarka laba 1,500 aka ba ta, tirelar kuma laba 1,100 ce ba kaya. Sai ka ga kamar akwai sarari. To zuba ruwa galan 10, laba 83 ke nan. Tukunyar gas cike, kusan laba 37. Batir, laba 50 ko fiye. Kula cike da ƙanƙara da nama, wata laba 50. Tukunyar ƙarfe, kujeru, rumfa, barguna, kayan abinci: kafin ka ankara ka haura 1,400, ga tudu a gaba. Maganin gardama shi ne sikeli. Manyan tashoshin motocin kaya suna da ma'auni irin na CAT Scale, ka hau da mota da tirela a cike, a ba ka takarda.

Nauyin da hancin tirela, wato ƙarfen gabanta da ake ɗaurawa a mota, ke ɗora wa ƙwallon ja da ke bayan motar ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka. Tirela mai laba 1,400, hancinta ya danna laba 140 zuwa 210. Ga ƙaramar tirela sikelin banɗaki ya isa: a ɗora guntun katako a kansa, a sauke hancin a kai a daidai tsayin da yake zama a mota, a karanta. Idan hanci ya yi sauƙi, tirela za ta fara kaɗa wutsiya a kan babbar hanya. Masu kicin a baya sun fi faɗawa wannan, domin kula da tukwane duk bayan taya suke. A matso da kaya masu nauyi gaba, kimanin kashi 60 cikin ɗari su kasance gaban taya.

Idan kuwa ta fara kaɗawa kana tafe, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi ta murza sitiyari kana bin ta. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, idan tirelar tana da birkin lantarki ka matsa maɓallinsa da hannu a hankali. Da ta lafa, ka sauka gefe ka sake jera kaya.

Ƙwallon ja girma uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Na farko da na biyu ido ba ya bambanta su. Bakin tirela na inci 2 zai zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsalle ya fita. Girman a rubuce yake a jikin ƙwallon da jikin bakin, a karanta duka biyun. Bayan an kulle an sa fil, a ɗaga hancin da jak: idan bayan motar ya biyo sama, ya kama. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin hanci, don idan ya kuɓuce ya faɗa a kansu, kada ya caki kwalta.

Tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta wuce shekara biyar ko shida, a canza, ko da zanenta bai goge ba. A auna iska da safe kafin a motsa, har da ta safaya. Yawancin tayoyin tirela na da iyakar gudun mil 65 a awa sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu, a Kalifoniya kuma doka ta tsayar da duk mai jan tirela a mil 55. Boris a wanke a sake masa giris sau ɗaya a shekara ko bayan mil 12,000. A tsayawar farko a hanya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya: ɗumi ba laifi, amma idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, boris ne ko birki ke kamawa. Idan an cire taya kwanan nan, a sake ɗaure notuna bayan mil 10, da 25, da 50.

Fitilu kuma a gwada su da mutum a baya: birki, sigina ta dama, ta hagu, fitilar dare. Idan suna walƙiya barkatai ko ɗaya na jan ɗaya, a fara duba farar waya, ita ce ta ƙasa, wato "earth", tsatsa ce ke cin inda aka ɗaure ta.

Juma'a: isowa da kafa zango

Burin kowa ya iso da sauran hasken rana na awa biyu. Wanda zai tsaya sallar Juma'a ya zaɓi wurin da bai fi tafiyar awa uku ba, kuma ya ɗaura tirelar tun da safe. Tafiya da tirela ta fi abin da waya ke nunawa daɗewa, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai.

Ribas shi ne abin kunyar sababbin zuwa, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa wuya, domin nan da nan take naɗewa. Sa hannu a ƙasan sitiyari: inda hannunka ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Murza kaɗan, tafi a hankali, da ta fara karkacewa ka ja gaba ka miƙe maimakon ka yi ta gyara. Mai nuna hanya mutum ɗaya ne tak, ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, kuma da ya ɓace daga madubi direba ya tsaya. Sauran jama'a su ci gaba da hirarsu. Ba abin da ke rikita direba kamar mutum biyar kowa na kaɗa hannu. Mai tirelar da ba ta kai laba 1,000 ba, a shimfiɗaɗɗen wuri, yana iya kwance ta mutum biyu su tura da hannu. A gangare kuwa kada a kuskura.

Daidaitawa tana da tsari, kuma juya shi ne ke kawo matsala. Da farko gefe da gefe, tun tirela na ɗaure a mota: a ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ƙasan ɗakin, a sa katako a gaban tayar da ta yi ƙasa a ja ta hau. Sai waigi gaba da bayan tayoyin biyu. Bayan waigi ne ake kwancewa, ba kafinsa ba. Sannan gaba da baya, da jak ɗin hanci. A ƙarshe a sauke ƙafafun tokara na baya har su taɓa ƙasa su ɗan ɗaure. Waɗannan ba na ɗaga tirela ba ne, lanƙwashewa suke yi. Amma kar a shiga ciki kafin a sauke su: mai taya biyu, idan mutum ya taka can baya, hancinta sama yake yi. Masu firji mai aiki da gas, daidaito a gare su dole ne, domin ruwan da ke zagayawa cikin bututunsa gangara yake bi, idan ya daɗe a karkace yana aiki toshewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa. Irin wannan firjin a kunna shi tun daren Alhamis, yana ɗaukar awanni kafin ya yi sanyi.

Wuta, ruwa da gas

Wutar Amurka bolt 120 ce. Soket ɗin zango mai amfiya 30 yana ba da wat 3,600, na gida mai amfiya 15 kuma wat 1,800. Hita ɗaya mai wat 1,500 tana shan amfiya 12 da rabi, butar lantarki ma kusan haka. Kunna su tare a kan amfiya 15, wuta ta ɗauke. A filin ƙungiya inda tirela uku ko huɗu ke rabon sandar wuta ɗaya, wato wadda soket ke jikinta, madugu ya faɗa tun farko: caji da fitila da fanka kawai, hita da na'urar sanyaya ɗaki sai mai sandar kansa.

Kafin a jona, a kashe makunnin sandar, a soka na'urar gwaji mai nuna ko an juya wayoyi ko babu ta ƙasa, a kunna a duba, a sake kashewa, sannan a jona tirela. Idan wani ya taɓa jikin tirela ya ji tana ja, a cire wuta nan take a kira ofis. Doguwar waya ta zama mai kauri, a ma'aunin kaurin waya na Amurka lamba 10 ga amfiya 30, lamba 12 ga amfiya 15 ko 20, kuma a warware ta duka, domin naɗaɗɗiya zafi take tarawa. Wata faɗakarwa ga mai gwada tirela a gida: tsohon soket ɗin injin busar da kaya yana kama da na zango, amma bolt 240 ne, zai ƙone komai.

Inda ba wuta, batir ne. Na gargajiya mai amfiya-awa 100, rabinsa kawai ake ci: cike yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, idan ya sauka kusa da 12.1 bayan ya huta ba abin da ke jan wuta, ya kai rabi. Fitilu da cajin waya ba sa cin komai. Fankar hita mai gas da firjin lantarki su ne masu cinye shi cikin dare biyu. Janareta, in wurin ya yarda, sai a lokutan da aka ƙayyade, kuma ƙafa 20 daga kowace taga ko ƙofa, har da ta maƙwabci.

Hayaƙin da ba ya wari, wato iskar carbon monoxide, shi ne babban haɗarin ƙaramin ɗaki. Murhun gawayi, risho, ko hitar waje ba sa shiga ciki, komai sanyi. Kowace tirela ta kasance da ƙararrawar gano wannan iskar, a danna maɓallin gwajinta ranar Juma'a. Taga ko murfin sama a bar shi a ɗan buɗe da dare. Numfashin mutum biyu a ɗaki mai girman gado ya isa ya jiƙa bango da katifa kafin asuba. Mahaɗar tukunyar gas a shafa mata ruwan sabulu, idan kumfa ta tashi tana yoyo.

Ruwa, a lissafa lita 4 ga mutum a rana na sha da girki, lita 10 zuwa 15 idan an haɗa da wanke-wanke da alwala. Mai jona tiyo ya sa abin rage ƙarfin ruwa a bakin famfo, mai tsayar da shi tsakanin 40 da 50 a ma'auninsu na psi, domin famfon wasu wurare fasa mahaɗa yake yi. Ruwan wanke-wanke a tara a jarka a kai inda aka tanada, zubar da shi a ƙasa laifi ne a yawancin wurare.

Asabar

Abu biyu sun isa yini guda. Da hantsi, daga ƙarfe 10 zuwa 12, zagayen tireloli: wanda ya yarda a leƙa tasa ya buɗe ƙofa ya rataya ƙyalle a hannunta, wanda bai rataya ba a wuce shi. Ana leƙawa ne daga waje, ba a hawa gadon mutane, ba a buɗe durowa. Nan ake koyon abin da ba ya cikin littafi: yadda wani ya toshe yoyon murfin kicin, inda wata ta ɓoye batir. Bayan azahar a bar kowa ya sarara.

Da yamma sai ciyayya, kowa da kwanonsa. Mai kula da abinci ya raba tun a gida, in ba haka ba za a tashi da kayan zaƙi goma da shinkafa ɗaya: kashi uku cikin goma babban abinci, uku na rakiya, biyu ganye, biyu zaƙi. Kowane kwano ya ishi mutum takwas, da cokalin ɗibansa. A gaban kowane a ajiye kati mai faɗin abin da ke ciki: naman alade, giya, gyaɗa, madara, alkama. Musulmi zai san abin da zai tsallake ba tare da ya yi ta tambaya ba, kuma mai kawo tsire ya tuna cewa ƙuli-ƙulin da ke cikin yajinsa gyaɗa ce, akwai waɗanda ƙwayarta kaɗan ke kai su asibiti. Kowa ya zo da farantinsa da kujerarsa.

Abinci kada ya wuce awa biyu a kan tebur, awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71. Masu girki da tukunyar ƙarfe mai ƙafafu suna da lissafi mai sauƙi: faɗin tukunya da inci, a ƙara uku a sama, a rage uku a ƙasa. Mai inci 12 ke nan curin gawayi 15 a kan murfi, 9 a ƙarƙashi, a riƙa juya tukunya da murfi kowane minti 15 don kada gefe ɗaya ya ƙone. Idan iska na kaɗawa a kare ta, a kuma tanadi sabon garwashi bayan minti 45.

Itace a saye shi a wurin ko kusa, kada a ɗauko daga gida. Wani ƙwaro mai kashe bishiyar ash, da aka gano kusa da Detroit a 2002, cikin itacen wuta ya yi ta yaɗuwa, shi ya sa jihohi da yawa suka hana yawo da shi. Wuta guda ta kowa ta fi goma daɗin hira. A tambayi ofis da safe ko an hana hura wuta saboda fari. Ƙarfe 10 na dare yawanci ake yin shiru, a kashe wutar da ruwa, a motsa toka, a sake zubawa har hannu ya iya kusantarta.

Kafin a kwanta a naɗe rumfunan jikin tirela, iskar tsakar dare ce ke karya su. Kular abinci da shara su shiga mota ko akwatin ƙarfe da aka tanada. Rakun, wata ƙaramar dabbar dawa, na iya buɗe murfin kula, a yankin da ke da babbar dabbar nan beyar kuma dokar wurin za a bi, har man goge baki ake ɓoyewa. A arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna a duba jiki da na yara saboda kaska mai kawo cutar Lyme. Idan aka ji tsawa a shiga mota mai rufin ƙarfe, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Lahadi

Karin kumallo ya zama ragowar jiya da shayi, a nan a tsayar da madugun baɗi da watan da za a koma. Masu tankin banɗaki su tafi wurin juyewa da wuri kafin layi: ruwan banɗaki da farko, ruwan wanke-wanke daga baya don ya ɗauraye tiyon, da safar hannu, kuma tiyon ruwan sha ba ya zuwa wurin.

Tashi juyin saukar Juma'a ne: kashe sanda a cire waya, rufe gas, ɗage ƙafafun tokara kafin a taɓa jak, ɗaura, gicciye sarƙa, gwada fitilu, sannan a cire waigi. Direba ya zagaya sau ɗaya yana kallon sama, murfin iska da eriya da makullin kicin, sau ɗaya kuma yana kallon ƙasa, matakala da tayar jak da katakan da aka taka. Kada kowa ya yi masa magana yana wannan zagayen. Madugu shi ne na ƙarshe, ya bi gurbi-gurbi ya tsince abin da aka bari, ya sanar da ofis an tashi. Wanda ya naɗe rumfa ko tampol da raɓa, ya shanya su a ranar da ya isa gida, domin kwana biyu a naɗe sun isa su yi fumfuna.